Sa ni in sa ka: abin da kundin mahaɗai ya koya mini

A baki, tsarin ba shi da wuya. Kana da shafin intanet, ni ma ina da nawa. Ka sa mahaɗin shafina a naka, wato rubutun da ake latsawa ya kai mutum shafina, ni kuma in sa naka a nawa. Idan abokan suka yi yawa sai a ware musu shafi guda, a jera su rukuni-rukuni, kowa da ɗan bayaninsa. Irin wannan kundin nake kula da shi a shafin wata ƙungiyar masu sana'ar hannu a nan Katsina: dukawa, maɗinka, masu hula, masu turaren wuta, da 'yan kasuwar da ke kai kayansu Kano da Maraɗi.

Abin ba sabo ba ne. Yahoo ma da kundi ya fara a 1994, mutane ne ke zama suna jera shafuka da hannu, haka DMOZ da ya biyo baya a 1998. Da Google ya zo da dabarar PageRank, wadda ke ɗaukar kowane mahaɗi tamkar ƙuri'ar da wani shafi ya jefa wa wani, sai kowa ya shiga farautar ƙuri'a. Mai sayar da taya ya haɗa da mai maganin basir, kowa na neman ya hau saman sakamakon bincike. A Afrilun 2012 Google ya fito da gyaran da ake kira Penguin don daƙile irin wannan maguɗin mahaɗai, shafuka da dama suka rikito. Yahoo ya rufe kundinsa a ƙarshen 2014, DMOZ ya bi sahu a 2017. Har yau, cikin ƙa'idojin Google, yawan musayar mahaɗi don musayar kawai yana cikin abin da suke ɗauka maguɗi ne. Don haka duk yaron da ya ce maka zai tara maka mahaɗi ɗari biyar ka zama na ɗaya a Google, kuɗinka yake so.

To me ya sa muke yi? Saboda mutum, ba saboda injin bincike ba. Matar da ta shigo daga Abuja tana neman lefe, ta ga takalmin fata a wurinmu, za ta so ta san wa ke ɗinki mai kyau, wa ke da turare na gaske. Idan ta latsa ta samu, ta yarda da mu. Idan ta latsa aka cuce ta, sunanmu za ta riƙe, ba na wancan ba. Sa mahaɗin mutum kamar tsaya masa ne wurin karɓar bashi: ranar da ya gudu, ƙofarka za a ƙwanƙwasa.

Shi ya sa mafi nauyin aikin shi ne cewa a'a, kuma a garin da kowa ya san gidan kowa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Baƙon da ya aiko wasiƙar imel da Turanci yana yabon shafinka, alhali bai ko buɗe shi ba, share wasiƙar ka yi gaba. Amma dattijon unguwa fa? Wani Alhaji a wajen Ƙofar Marusa, abokin mahaifina, ya tare ni bayan La'asar.

"Yaro, an ce kai ke sa mutane a intanet. Ɗan'uwanka ya buɗe nashi na saye da sayar da filaye, sai ka sa shi."

"Ranka ya daɗe, kundin na masu sana'ar hannu ne. Ko na sa shi, mai neman fili ba nan zai duba ba."

"Ai ba a rasa mai gani."

"Haka ne, Baba. Amma ƙa'idar ba tawa ba ce, ta ƙungiya ce, a rubuce take. Bari in nuna mashi inda masu filaye ke talla, zai fi samun ciniki."

Rubutacciyar ƙa'idar nan ita ce garkuwata. Gajera ce: shafin ya shafi sana'ar hannu ko kasuwancinta, a san mai shi ko wani ɗan ƙungiya ya shaide shi, akwai lambar waya mai shiga, babu caca, babu batsa, babu alkawarin ninka kuɗi. Tunda aka manna ta a saman kundin, ƙin sa mutum ya daina zama raini daga wurina, ya koma dokar da ta hau kan kowa.

Sai duba, wanda shi ne aikin da ba ya ƙarewa. Ina da takardar Excel: sunan shafi, mai shi, lambarsa, ainihin inda ya sa mahaɗinmu, da ranar da na duba na ƙarshe. Ginshiƙi na huɗun nan ya fi sauran amfani, don wayon mutane a nan yake fitowa. Wani zai sa mahaɗinka, ka gani, ka sa nasa, bayan an kwana biyu ya cire naka shiru. Wani zai ajiye ka a wani shafi da babu hanyar isa gare shi daga ko'ina a gidansa, sai wanda aka ba adireshin kai tsaye. Wani kuma zai maƙala wa mahaɗin alamar nofollow, wadda aka ƙirƙiro a 2005 don gaya wa injin bincike kada ya lissafa mahaɗin a matsayin ƙuri'a. Wannan na ƙarshen bai dame ni ba, tunda mutum zai iya latsawa ya iso. Ni ma ita nake sa wa duk wanda ban gama saninsa ba. Wanda ya biya kuɗin talla kuwa, akwai alamar sponsored da Google ya kawo a 2019, kuma a fili nake rubuta cewa talla ce.

Akwai manhajojin da ke bin mahaɗai su gaya maka wanda ya mutu. Suna da amfani, amma iyakarsu lamba. In shafi ya ɓace za su nuna 404, in yana buɗewa su nuna 200, shi ke nan. Ga inda gizo ke saƙar: adireshin shafi haya ce, shekara-shekara ake sabuntawa, ko .com ne ko .ng da ke ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin intanet na Najeriya. Wani mai ɗinkin hula a Daura, yaron da ya gina masa shafi ya tafi bautar ƙasa, ba wanda ya biya, wa'adi ya wuce, wasu suka saye adireshin. Manhaja ta ce 200, lafiya lau. Da na latsa da hannuna, sai ga hoton karta da tsabar zinariya suna walƙiya, da rubutun wani harshe da ban iya karantawa ba, a ƙarƙashin bayanin da na rubuta cewa ga hular zanna aikin hannu. Shi mai hular bai ma san an yi ba. Yana bakin shagonsa da allura da zare. Masu caca na son tsofaffin adireshi ne daidai saboda mahaɗan irin namu da ke nuna su. Don haka duk wata sai na buɗe kowane ɗaya da idona, a waya, da datar da talaka ke amfani da ita, don shafin da ke cin minti guda kafin ya buɗe shi ma kusan matacce ne.

Bayanin kowane shafi ni nake rubutawa, layi biyu, da Hausa. In ka bar wa masu shi, kowa "na ɗaya a Arewa" ne. Ni abin da nake sawa: me yake yi, ina yake, yana aika kaya ko sai an zo. Na kuma lura mai nema a waya ba ya wahalar da kansa da ƙ da ɗ, "dinki" zai rubuta, don haka akwatin binciken kundin sai da aka gyara shi ya ɗauki ɗinki da dinki abu guda.

Sharaɗin ramawa kuwa, wanda da shi aka fara komai, na sassauta shi. Mafi yawan gwanayen da muke da su ba su da shafi, sai Facebook ko Instagram ko lambar WhatsApp, wasu ma 'ya'yansu ke riƙe musu. Hajiyar da turarenta ya yi suna har Zariya ba ta da inda za ta sa mahaɗinmu, kuma kundin da babu ita ya ragu. Na sa ta. Wanda ke da shafi ina roƙonsa ya rama, in ya ƙi kuma aikinsa na da kyau, yana nan. Wanda nake cirewa shi ne wanda masu saye suka kawo ƙararsa aka bincika aka tabbatar, ko wanda shafinsa ya mutu. Shi ma sai na kira shi tukuna, in ɓoye mahaɗin na ɗan lokaci maimakon gogewa, don sau da yawa kuɗin sabuntawa ne ya gagara, in an yi cinikin Sallah sai ya biya ya dawo.