Hannun Kaka da Zunguru

Mu uku muka ƙulla abin bayan ƙaramar Sallah: ni mai waya, 'yar kawuna mai zanen lalle, sai ƙawarmu da ke riƙe faifai tana tare mana rana. Niyyarmu mu ɗauki hoton hannuwan matan ƙauyenmu, nan gefen Ringim, kowace da irin ƙunshinta. Sharaɗi ɗaya Baba ya gindaya, kada fuskar kowa ta fito. Da fari na ji haushi. Ashe gata ya yi mana, don da mace ta ji hannu kawai za a ɗauka, sai ta miƙo shi har da gyara awarwaro.

A bayan gidan Gwaggo muka tsinko ganyen, muka shanya a inuwa, muka daka, muka tankaɗe sau biyu, aka kwaɓa da ruwan lemun tsami da ɗan sukari don ya kama jiki. 'Yar kawuna ta ɗura a leda, ta huda bakin da allura, ta shiga zana furanni irin na Indiya da ta gano a Instagram. Sun yi kyau, ba ƙarya. Hoto kuwa sai da hantsi ko bayan la'asar, a jikin katangar jar ƙasa. Da tsakar rana komai fari fat yake fitowa.

Inda muka yi wauta shi ne baƙin lallen kwalba da muka sayo ranar kasuwa. Nan take yake kamawa, baƙi wuluk, waya na son sa. Kwana huɗu tsakani, hannun ƙawarmu ya kumbura daidai layin zanen, ga ƙaiƙayi kamar ta cire fatar. Malamar asibiti ta ce irin wannan sau da yawa rinin gashi ake zuba masa, wani sinadari mai suna PPD, shi ke ƙona fata. Ranar muka jefa kwalbar a masai.

Duk wannan hidima Kaka na zaune a kan tabarma tana kallonmu. Rannan ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai rubutu kuke yi, ba ƙunshi ba. Shiga ɗakina ki sauko mini da zunguru."

Ban taɓa riƙe shi ba sai ranar. Dogon duma ne, bakinsa ya yi santsi don tsufa, har yanzu da ƙanshin lalle a ciki. Ta shafe hannunta da kwaɓin tun daga farce har wuyan hannu, ta zura a ciki, ta toshe bakin da tsumma, ta kwana a haka. Babu fure, babu layi.

Da safe ta wanke. Tafin ya yi ja jawur, kan yatsun ya nuna har yana neman komawa baƙi, duk tsagin da tabarya da igiyar guga suka bari ya fito raɗau. Na ce ta riƙe carbinta. Sau biyu kawai na danna kafin cajina ya ƙare.

Cikin hotuna sittin da wani abu da muka ɗora a Facebook, wannan aka fi tambaya. Da na karɓo wayar daga wurin mai caji na nuna mata, ta kai ta kusa da ido, ta daɗe tana dubawa.

"Allah ya yi miki albarka," in ji ta. "Amma a sake. Zoben azurfata bai fito ba."