Kwana huɗu a Lisbon da euro 200 a aljihu

Tun da na zo karatu Jamus nake ta cewa sai na leƙa Lisbon, ba don komai ba sai don sanyi ya ishe ni, ka yi sati biyu ba ka ga rana ba, kuma duk wanda ka tambaya sai ya ce maka ai Fotugal ga rana ga arha. Da muka gama jarrabawa a watan Fabrairu na samu tikitin jirgi mai rahusa, irin wanda jakar goyo kaɗai ake yarda ka shiga da ita, na cusa kaya kala uku da darduma da ɗan garin kwaki da yaji a leda, na ware euro 200 na ce har da kuɗin masauki ba zan wuce haka ba insha Allahu.

Abin da ya fara daɗaɗa min rai shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato metro, har cikin filin jirgi yake zuwa, babu ruwanka da tasi. Ka sayi kati na santi 50 ka loda masa kuɗi, da shi za ka hau metro da bas da taragon lantarki har da jirgin ruwa. Masaukina kusa da dandalin Martim Moniz yake, mu shida a ɗaki, gado sama da ƙasa, euro 19 duk dare, amma akwai kicin kuma wannan kicin ɗin shi ya rufa min asiri, da safe burodi da ƙwai da shayi da na sayo a kantin Pingo Doce, ban taɓa karyawa a waje ba.

Garin nan tudu ne, wallahi tudu ne, sun ce a kan tuddai bakwai aka gina shi, wanda ya saba hawa Dala ma sai ya tsaya ya huta, ga daɓen ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe masu santsi in an yi yayyafi. Amma tudun shi ne ribar mai ƙaramin ƙarfi, don duk inda ka hau akwai wurin tsayawa ka hango gari kyauta, suna ce masa miradouro. Na Senhora do Monte ya fi burge ni, ga jajayen rufin gidaje har bakin kogin Tejo, ga gadar 25 de Abril can nesa, na fi awa a zaune ban kashe ko sisi ba. Ganuwar São Jorge kuwa da na ga kuɗin shiga euro 15 sai na zagaya ta waje na wuce. Tarago mai lamba 28 ɗin nan rawaya da kowa ke ɗauka a hoto, in ka je da rana layi ne kamar na mai, ni bayan asuba na hau, kujera ta taga, yana ƙugi yana kutsawa lungunan Alfama har kana iya taɓa bangon gidan mutane da hannu. A kula da aljihu dai, 'yan sane sun san shi.

Sai maganar ci, wadda ita ce ta fi damuna kafin in taso, don mutanen nan akwai son alade, sanwicinsu da ake ji da shi bifana alade ne, miyar ganyensu ma sai sun jefa mata yankan tsiran alade. Kalma biyu na haddace, sem porco, wato ban da alade, sauran kuma kifi ya raba gardama. Ranar farko na shiga wani ɗan gidan abinci, ina zama aka dire min burodi da zaitun da cuku, na ɗauka karamci ne irin namu na yi bismilla na cinye, da takardar kuɗi ta zo sai ga euro 5 a kai. Raina ya ɓaci sosai don kuɗin abincin dare ne ya tafi, daga baya mai kula da masaukinmu ta ce haka al'adar take, in ba ka so ka ce a ɗauke, abin da ba ka taɓa ba ba za ka biya ba. Daga ranar na koma titin Benformoso, bayan Martim Moniz kaɗan, titi ne siriri cike da 'yan Bangladesh, mahautan halal, shagunan waya, ƙamshin kori ko'ina, faranti na biriyani da kaza euro 7 wanda in ka ci rabi sai ka sa a juye maka sauran na dare, in barbaɗa yajina in ci abina. Akwai ƙaramin masallaci a unguwar, nan nake salla. Sunan unguwar Mouraria, wato unguwar Musulmi, don bayan da sarki Afonso Henriques ya ci garin a 1147 nan aka tattara Musulmin da suka rage, har zuwa 1496 da aka ba da umarnin korarsu. Ina tafe ina jin sallama ta kowane ɓangare a wannan titin sai jikina ya yi sanyi.

Unguwar Belém na ba wa yini guda. Na tsaya layi na sayi pastel biyu a shagon da ke yin sa tun 1837, ɗan kek ne na ƙwai da madara mai ɓawon ƙamas-ƙamas, da zafinsa ake ci a barbaɗa kirfa, gaskiya ya ci sunansa. Na zauna bakin ruwa kusa da babban gunkin matuƙan jiragensu, daga wannan gaɓar suka riƙa tashi suna bin gaɓar Afirka, su suka raɗa wa Legas suna, kuma su suka buɗe safarar bayi ta Tekun Atlantika, an jera su da dutse suna kallon ruwa cikin alfahari, ni dai ban iya ɗaukar hoto a wurin ba. Da yamma na hau jirgin ruwa daga Cais do Sodré zuwa Cacilhas, minti goma, kuɗinsa bai kai euro 2 ba, na ci gasasshen kifi da dankali a can ƙetare na dawo bayan magariba fitilun gari na rawa a kan ruwa.

Ranar ƙarshe ina yawo kusa da dandalin Rossio sai na faɗa Largo de São Domingos, na ga dattawa baƙaƙe da manyan riguna da huluna suna zazzaune ana hira, yawanci mutanen Guinea Bissau ne, ga wani tsoho da ɗan buhu a gabansa an rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ban ma tambaya ba na san ko mene ne. Na durƙusa na yi sallama, ya amsa har da wabarakatuhu, ya ɗaga tsumman, goro ne fari da ja, ɗanye shar. Na ce Baba, goro? Ya yi dariya ya ce goro, ashe a Fillancinsu ma sunan ke nan. Ba ya jin Turanci ni ba na jin yaren Fotugal, da na ce Najeriya, Kano, sai ya riƙe hannuna da hannu biyu yana ta maimaita Kano, Kano, ya kira na kusa da shi ya nuna ni. Na sayi guda huɗu, ya ɓare wani daban ya miƙo min rabi ya ci rabi, na miƙa kuɗinsa ya ture hannuna. Na zauna tare da su har aka kusa la'asar, ba na fahimtar komai sai in an ambaci Allah, ɗacin goron nan na bin maƙogwarona ina tuna zauren kakana a Ƙofar Mata.

A metro hanyar filin jirgi na ƙirga abin da ya rage, euro 11 da 'yan santi. Goro huɗun na naɗe su a jiƙaƙƙen hankici na tura can ƙasan jaka, akwai wani ɗan Damagaram a jami'armu da ya shekara biyu bai sa shi a baki ba.