Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Na'urar da ke Sauraron Kogi

A makon jiya na tsaya a inda aka mayar da ni sashen awon ruwa, bayan na dawo daga kwas a Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando, Kaduna. Yau sai labarin yadda aikin ya sauya a hannunmu.

Da farfela na tarar ana awo. Ƙarfe ne mai farfela a baki, a ɗaure shi da waya, a rataya masa dalma mai nauyi, a zura daga kan gadar Wudil. Za a raba faɗin kogi gida 20 ko fiye. A kowane gida a fara auna zurfi, sannan a sauke farfelar zuwa kashi 2 cikin 10 na zurfin a ƙirga juyinta, a ƙara saukewa zuwa kashi 8 a sake ƙirgawa. In ruwan bai da zurfi, kashi 6 kaɗai ya wadatar. Da dare a zauna da kalkuleta a haɗa lissafi, a fitar da kubik mita nawa ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Kowace kubik mita lita 1,000 ce.

Aikin yini ne, kuma a watan Agusta wahala ce tsagwaronta. Kafin ka isa ɗaya gaɓar ruwan ya ƙaru, awon safe bai dace da na azahar ba. Ga rassan itace da ruwa ke kwasowa su sarƙe waya. In kuwa aka yi rashin sa'a ya faɗo ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, gadar rawa take yi a ƙarƙashin tirelolin shanu, kai kuma kana leƙe da igiya a hannu.

Sai aka kawo mana ADCP, na'urar da ke auna gudun ruwa da sauti. Girmanta bai kai bokiti ba, tana da idanu huɗu a ƙasa, ana ɗora ta a kan ɗan jirgin roba a ɗaure a gefen kwalekwale. Kowane ido yana harba sauti cikin ruwa, sautin da kunnen mutum ba ya ji, tamu kilohaz 1,200 ce. Sautin ya bugi laka da ɓurɓushin da ruwa ke ɗauke da su, ya dawo. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Kano zuwa Maiduguri ya san hon ɗin babbar mota yana da kaifi in tana tahowa, ya yi kauri in ta wuce. Irin wannan sauyin amon na'urar ke karantawa ta gane gudun ruwa, tun daga sama har kusa da ƙasa, a lokaci guda. Da wannan sautin kuma take kama ƙasan kogi, ta san gudun kwalekwalen da inda ya nufa, ta cire shi daga lissafi. A haye a dawo, a sake hayewa a dawo, in awon huɗun ba su saɓa da fiye da kashi 5 cikin 100 ba, an gama. Abin da ke cin yini ya koma ƙasa da awa guda.

Tana da sharuɗɗanta fa. Ba ta ganin ruwan da ke dab da idonta, ba ta ganin na dab da ƙasa, ba ta isa gaɓa inda ruwa bai kai gwiwa ba, duk waɗannan kwamfuta ce ke ƙiyastawa. Kamfas ɗin cikinta kuma ba ya shiri da ƙarfe, shi ya sa muka bar gada muka koma nesa da ita, muka ɗauki hayar kwalekwalen katako na wani dattijo masunci da muke kira Baba.

Da rani komai lafiya lau. Da ruwa ya cika, sai alƙalumanta suka fara zuwa ƙasa da abin da tsohon jadawalinmu, mai mayar da tsayin ruwa zuwa yawansa, ke nunawa a wannan tsayin ruwan. Ogana ya duba batir, ya sa aka sake saita kamfas, ba abin da ya canza. Matasan ofis suka ce jadawalin ne ya tsufa, a jefar. Tsofaffin hannu suka ce ai da ma sun faɗa, kayan Bature ba ya jure jan ruwanmu.

Baba yana jin mu yana tuƙi. Can ya ce da ogana, "Yallaɓai, kun ce abin nan ƙasa yake kamawa?"

"Ƙwarai, Baba."

"To wace ƙasa? Ƙasan ruwan nan ai tafiya take yi. Ɗana, miƙo gorar nan." Ya sa na kafa gora na riƙe. Ina ji a tafin hannuna yashi na zamewa yana gurzar gindinta, kafin minti guda ta karkata.

Ogana ya yi shiru, sannan ya ce a jefa anka a tsakiyar kogi. Muka tsaya cak na minti 10, na'ura na aiki. A fuskar kwamfuta kuwa sai ga layin tafiyarmu yana miƙewa sama, wai muna hawa kogi, alhali ko taku ɗaya ba mu yi ba. Yashi ne ke gangarawa, ita kuma ta ɗauka ƙasa a tsaye take, mu ne ke motsi. Abin da ta ƙara wa kwalekwale na gudu, shi take zaftarewa daga gudun ruwa, shi ya sa awon ke fitowa a rage. Wannan gwajin yana nan a rubuce cikin littafin na'urar, a shafukan da ba kowa ke isa ba. Daga ranar ya zama farilla kafin kowane awo, har aka samo mana GPS da ke faɗin gudun jirgi ba tare da dogaro da ƙasa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan lissafi ne. Ruwan da ke wucewa Wudil na kogin Kano ne da na Challawa a haɗe, kuma tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yawancinsa da izinin mutum yake tahowa. Manomin shinkafa a fadamar Haɗeja, masuncin Nguru, mai lambu a Gashuwa, duk rabonsu yana rataye da abin da aka saki da abin da ya iso. In awon ya yi ƙarya, a kansu take ƙarewa.

Ni dai a ganina, an yi saurin raina mai karanta geji. Mutum ne ɗan garin da ke zuwa bakin ruwa safe da yamma, ya dubi sanda mai lamba ya rubuta a littafi, a kan ɗan alawus da sai ya yi watanni bai gani ba. Mu lokaci-lokaci muke zuwa da na'ura. Amfanin zuwanmu shi ne a gyara jadawalin da ke mayar da lambarsa zuwa yawan ruwa, musamman a Wudil inda masu tifa ke kwasar yashi, ƙasan kogin na sauya kama. Ba littafinsa, ba tarihin kogi.

Da kaka ta yi aka tura mu gangaren Haɗeja, inda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. A can muka tarar da geji na nuna kogi a cike, na'ura kuma na cewa ruwan kusan a tsaye yake, ga manoma sun taru a gaɓa suna jiran mu faɗa musu wanda ya tare musu ruwa. Yadda muka kwashe da su, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.