Abin da ke kayar da ɗaliban Latin Amurka a zangonsu na farko a jami'o'in Amurka

A ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje nake aiki, a wata jami'a da ke tsakiyar Amurka, kuma cikin waɗanda muke tarba duk watan Agusta akwai 'yan Meziko, Kolambiya, Peru, Cile, Ajantina da Benezuwela, dukkansu masu jin Sifaniyanci. Mutane sun ɗauka Turanci ne babbar matsalarsu. A iya abin da na gani, Turancin shi ne mai sauƙi, don wanda ya samu 6.5 a jarrabawar IELTS kunnensa kan buɗe tun zango bai raba ba. Ƙa'idojin da babu wanda ya zaunar da su ya faɗa musu su ne ke kayar da su, saboda Ba'amurke ya ɗauka kowa ya san su.

Da suna nake fara wa kowa. A yawancin ƙasashen nan mutum yana ɗauke da sunan dangi biyu, na uba sannan na uwa, a ce García López. Ma'aikacin banki a nan yakan ɗauki na ƙarshe kawai, ya tura na uban ya zama sunan tsakiya. Wani ofishin kuma ya manne su wuri guda. Ranar da ɗalibi zai nemi lambar Social Security, wadda ake buƙata don yin aiki a Amurka, ko lasisin tuƙi, kwamfuta ta gwada sunan da abin da ke rajistar SEVIS, wato kundin gwamnati na ɗaliban ƙasashen waje, ta ga bai yi daidai ba, takarda ta maƙale makonni. Shi ya sa nake sa kowa ya buɗe fasfonsa, mu dubi layukan nan biyu na ƙasan shafin hoto, waɗanda na'ura ke karantawa. Yadda sunan yake a wurin, ba ɗigo ba lanƙwasa a kan harafi, haka zai kasance a takardar I-20 da makaranta ke bayarwa don neman bizar karatu, haka a banki, haka a ko'ina. Kwanan wata ma sai an kula: su rana suke fara rubutawa, Amurka wata take farawa, don haka 05/09 da ɗalibi zai karanta 5 ga Satumba, a nan 9 ga Mayu ake nufi.

Inda na fi daɗewa a kansa shi ne yawan kwasa-kwasai. A yawancin jami'o'in Latin Amurka, ɗalibi kai tsaye yake shiga fanninsa, lauya ko injiniya, makaranta ta tsara masa abin da zai karanta, ya yi shekaru da mutanen aji ɗaya. In an ɗage jarrabawa, abokan aji za su gaya masa. A nan kowa shi ke zaɓar kwas ɗinsa, kowane aji fuskoki daban, ba wanda zai lura ka yi fashi. Ga kuma dokar F-1, wato bizar ɗalibai: mai digirin farko dole ya riƙe kiredit 12, wato ma'aunin nauyin kwasa-kwasai, a kowane zango, kuma kwas ɗaya kacal na intanet, mai kiredit 3, ake ƙirgawa a ciki. To sai ɗalibi ya ga lissafi ya yi masa nauyi a mako na shida, abokin ɗakinsa Ba'amurke ya ce masa ya ajiye kwas ɗin kawai, haka kowa ke yi. Shi abokin ba abin da zai same shi. Baƙon kuwa ya sauka zuwa 9, matsayinsa na ɗalibi a idon hukumar shige da fice ya rushe. Akwai hanyar rage kwas bisa ƙa'ida, saboda rashin lafiya ko wahalar Turanci a zangon farko, amma sai jami'in ofishinmu ya amince tun kafin a ajiye, ba bayan an ajiye ba. Shawarata kullum ita ce a yi rajistar kiredit 15, yadda ko an saki kwas ɗaya ana nan kan 12.

Maki ma na rikita su. Meziko daga 0 zuwa 10 ake bayarwa, Kolambiya zuwa 5, Peru zuwa 20. A Cile ma'aunin 1 zuwa 7 ne, 4.0 kuwa da ƙyar aka sha, alhali a Amurka 4.0 ita ce ƙololuwa. Abin da ya fi wannan muhimmanci, a nan maki tsinta-tsinta ake tara shi: aikin gida na mako-mako, gajerun gwaje-gwaje, har da yin magana a aji. Duk suna rubuce a takardar tsarin kwas da malami ke rabawa ranar farko. Wanda ya saba jiran babbar jarrabawa sai ya farga rabin maki ya wuce. Da yawansu sun taso da ganin girman farfesa har ba sa iya ƙwanƙwasa masa ƙofa, alhali kowane malami yana da sa'o'in da ya ware a mako yana zaune yana jiran ɗalibai. Ina sa su je a mako na biyu, tun ba su da matsala, da tambaya ɗaya a rubuce. Sai kuma taimakon aboki. Tura wa ɗan'uwa aikin gidanka ya duba, a wurinsu zumunci ne, amma a nan in malami bai ba da izini ba satar amsa ce, kuma mai bayarwa da mai karɓa duka ake hukuntawa.

Akwai wani abu a asibitin makaranta da ya shafi 'yan Najeriya da Nijar ma. Ƙasashen Latin Amurka na yi wa jarirai allurar BCG ta rigakafin tarin fuka, mai barin tabo a dantse. Gwajin da ake yi a fata kan nuna kamar mutum na da cutar saboda wannan allura. A nemi gwajin jini, shi ba ya ruɗuwa da ita. A kuma zo da katin rigakafin ƙyanda tun daga gida, don rashinsa na iya sa a toshe rajista.

Kuɗi kuwa, doka ta yarda da aikin awa 20 a mako, a cikin harabar makaranta kawai, muddin ana karatu. A Disamba 2023 gwamnatin Ajantina ta karya darajar peso da fiye da rabi, abin da iyaye ke turowa ya zaizaye dare ɗaya. A irin wannan hali ne mai gidan abinci ɗan ƙasarsu zai ce zo ka yi aiki in biya ka a hannu. Da kyakkyawar niyya yake faɗa, amma aiki ba izini na cikin laifuffukan da suka fi wuyar gyarawa a kan biza. Wanda ya cika shekara guda yana karatu na iya neman izinin aiki a waje saboda matsin tattalin arziki da ba a zata ba, kuma ta ofishinmu ake fara wannan.

Kaɗaici ba a Satumba yake zuwa ba, sai Nuwamba. Yawancinsu a gaban iyaye suka yi karatu. Ɗan Meziko ya saba babban abincinsa wajen ƙarfe biyu na rana, a ci a zauna ana hira, ɗan Ajantina kuma sai tara na dare yake cin na dare. A nan sai ya ga mutum na cin burodi a tsaye yana duba waya, wurin cin abinci kuma ya rufe tun shi bai ji yunwa ba. A Disamba rana na faɗuwa kusan ƙarfe huɗu da rabi a yankin Chicago, abin da ɗan Bogota, babban birnin Kolambiya, bai taɓa gani ba. Wasu na zaton ƙungiyar ɗalibai 'yan asalin Latin Amurka da aka haifa a nan za ta zame musu gida. Takan taimaka, sai dai damuwarsu daban ce: su 'yan ƙasa ne, suna samun tallafin karatu na gwamnatin tarayya da mai F-1 bai da haƙƙinsa, wasunsu ma Sifaniyancinsu bai nuna ba. Ina sa kowane sabon ɗalibi ya shiga ƙungiya biyu, ɗaya ta masu harshensa, ɗaya wadda babu mai jin Sifaniyanci a ciki, ƙwallon ƙafa ce ko ta fanninsa. Kuma tun Oktoba nake tambayar kowa gidan wa zai je hutun Thanksgiving, ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba, lokacin da ɗakunan kwana ke zama wayam. Wanda bai da amsa, muna haɗa shi da ɗaya daga cikin iyalan garin da suka ba da sunansu don karɓar baƙi.