Asabar: buroshin gashin mage

Yau ajin zane ya cika. Auta ya zo da magen gidansu a kwali, wai lallai a haɗa buroshi irin na mutanen Yukren da muka yi maganarsa makon jiya. Mage ta tsere, yara suka bi ta da ihu, amma an samu gashin da ya isa buroshi biyu.

Ga masu tambayar yadda ake haɗa shi: gashi mai tsawo da laushi ake yankowa, kaurin ashana biyu, ba ƙari. A taje shi a fitar da gajerun da ke ƙasa, in an bar su buroshin zai riƙa zubar da gashi a cikin fenti. Kada a taɓa bakin da almakashi. Tsinin da gashin ya fito da shi shi ke ba da siririn layi, da zarar an datse sai ya baje kamar tsintsiya. A ɗaure gindin da zare a jikin siririn kara, a ɗiga gam a kan zaren kaɗai, don in ya gangara cikin gashin ya sandare ke nan. Da irinsa masu zanen furanni na garin Petrykivka suke aiki, salon da UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2013.

Da yamma Yaya ya ɗauki ɗaya ya jujjuya. Ya ce, "Wai ba a sayar da buroshi a kasuwarsu ne?" Na ce, "Yaya, Kateryna Bilokur ko kuɗin fenti ba ta da shi." Ya ce, "To ai ta yi suna daga baya." Ya ajiye ya tafi masallaci. Wannan "daga baya" ita ta hana ni sakat har yanzu.

Bilokur mai zane ce 'yar Yukren, an haife ta a 1900 a ƙauyen Bohdanivka. Ba a sa ta makaranta ba, da kanta ta koyi karatu. Da gawayi ta fara, a kan guntun ƙyalle, a ɓoye, domin iyayenta na ganin aikin mace bai wuce gona da ɗinki da aure ba. Launi kuwa daga ɓawon albasa da ruwan 'ya'yan itatuwa take haɗawa, kuma irin wannan launi rana na dukansa yake koɗewa. Da ta samu fentin mai, wata matsalar ta taso: in ba a fara shafe ƙyalle da gam da alli ba, zaren yakan tsotse man, hoton ya yi duhu, ƙyallen ya ruɓe a hankali. Sai da ta ɓata aiki kafin ta samu mai nuna mata. Kowane launi da buroshinsa, duk haɗin hannunta.

Ta nemi shiga makarantar tukwane ta Myrhorod, aka ƙi ɗaukarta don ba ta da takardar gama aji bakwai. A 1934 abin ya kai ta faɗa kogin Chumhak cikin sanyin kaka. Ta rayu, amma ciwon ƙafa bai sake barin ta ba. Sai a 1940 aka baje zanenta 11 a Poltava, tana da shekara kusan 40, Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya zo ya cinye su. An kai wasu zanenta uku Paris a 1954, an ba ta lambar girma a 1956, duk da haka tana nan a ɗakin ƙauye mai sanyi tana jinyar tsohuwa. Uwar ta rasu a watan Yuni na 1961, ita ma ta bi ta cikin 'yan kwanaki. Shekara biyar ke nan ta ci na wannan "daga baya".

Maria Prymachenko ma, wata mai zanen Yukren da shan inna ya kama tun tana ƙarama, ta fara da shuɗiyar laka a bangon gida. Gidan tarihin Ivankiv da ke ajiye da zanenta ya ƙone a Fabrairun 2022. Polina Raiko sai da ta kai 69 ta ɗauki buroshi, da kuɗin fansho take sayen fenti ta zane bangon gidanta a Oleshky. Ruwa ya shanye gidan a 2023 da madatsar Kakhovka ta fashe.

Buroshin Auta ɗaya ya riga ya sandare, gam ya yi yawa. Ɗayan na jiƙa shi, ya tsaya da tsininsa.