Makarantar mishan da kuɗin taimako

Duk wanda ya sa ɗiyanshi makarantar mishan a nan Sakkwato yasan abinda yake biyan kuɗi dominshi. Turanci na ciki, amma babban abin tarbiyya ce. Shi yasa zaka ga har maƙwabtanmu Musulmi na kai nasu yaran, sunce can ba'a wasa da ladabi. Kuma sunan nan ba jiya aka yi shi ba, tun 1953 da fadocin Dominikan daga Amurka suka kama aikin Katolika a wanga yanki coci da makaranta tare suke tafiya, har gwamnati ta zo ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970.

To ga abinda ke ci mani tuwo a ƙwarya. Da safe a asambuli yara sun jeru, ana waƙa ana addu'a, ana maimaita Dokoki Goma, kada kayi sata, kada kayi shaidar zur, malamin CRS, wato darasin addinin Kirista, ya shiga aji ya kawo labarin Basamariyen nan mai tausayi na Linjilar Luka sura 10, yaro ya haddace yaci maki mai kyau kowa na murna. Sai WAEC da NECO sun matso a kira iyaye taron PTA a ce kowa ya kawo "kuɗin taimako", kuma ba wanda ke tambaya don kowa yasan mi ake nufi, ko a rubuta amsa a allo ko a sallami mai sa ido ya kau da kai.

Ba duka makarantu ba, in faɗi gaskiya, akwai masu ƙin yi kuma suna rasa ɗalibai saboda haka. Amma yaron SS3 ba wawa bane. Shekara 6 kana hana shi sata, ranar jarabawa kai da kanka ka miƙa mishi amsa, wanne kake ganin zai riƙe?

Mu iyaye ma muna ciki dumu-dumu. Muna jin daɗi in Bishop Kukah na cocin Katolika na Sakkwato ya caccaki masu cin hanci a saƙon Kirsimeti, mu tura ta WhatsApp, sannan mu cire yaro daga makarantar da ta ƙi satar amsa mu kai shi inda ake "taimako".

Ni dai a taron PTA mai zuwa zan ɗaga hannu in ce firinsifal ya faɗi a fili mi za'a yi da kuɗin nan, a kuma bamu rasit.