Ruhu Mai Tsarki ba ziyara yake kawo mana ba, zama ya zo yi

Akwai wata tambaya da na lura tana cin mutane da yawa a ciki amma basa iya furta ta a coci, wato shin ni ma ina da Ruhu Mai Tsarki kuwa? Mutum ya bada gaskiya ga Yesu tun da daɗewa, anyi masa baftisma, yana karatun Littafi Mai Tsarki daidai gwargwado, amma in ya shiga taron addu'a ya ga wannan na kuka wancan na rawar jiki wata kuma na magana da harsuna, shi ko tsikar jikinsa bata tashi ba, sai ya koma gida zuciya a cunkushe yana ganin kamar anyi rabo an tsallake shi. Abin nan yana damuna ƙwarai 'yan'uwa, domin irin wannan mutum ba rashin Ruhu ne damuwarsa ba, ba a koya masa ne abin da Nassi ya faɗa ba.

Sai mun koma Tsohon Alkawari kafin mu ga girman abin. A can Ruhun Allah yakan sauko wa mutum ne don wani aiki, ya sauko wa Bezalel ya bashi gwanintar ƙera kayan alfarwa ta sujada, ya sauko wa Gidiyon da Samson don yaƙi, ya sauko wa annabawa suyi magana. Kuma yana iya tashi. 1 Sama'ila 16:14 ta faɗa ƙarara cewa Ruhun Ubangiji ya rabu da sarki Saul, Dawuda kuwa da idonsa ya ga yadda Saul ya koma bayan haka tunda shi ake kira ya kaɗa masa molo in mugun ruhun da ke damunsa ya motsa, shi yasa da shi ma ya faɗi cikin zunubi da Batsheba, a Zabura 51 roƙonsa shine kada Allah ya ɗauke masa Ruhunsa Mai Tsarki. Ba salon waƙa yake yi ba, tsoro ne na gaske na wanda ya taɓa ganin abin ya faru da wani.

Mazaunin Allah a lokacin kuma gini ne. Ranar da Sulemanu ya keɓe haikali girgije ya cika ɗakin har firistoci suka kasa tsayawa suyi hidima, shi kansa Sulemanu cikin addu'arsa a 1 Sarakuna 8 yana mamaki, sammai ma basu isa su ɗauki Allah ba balle wannan ɗaki da ya gina. Can wuri mafi tsarki kuwa mutum ɗaya ne tak ke shiga, babban firist, shi ma sau ɗaya a shekara da jini a hannu. Daga baya annabi Ezekiyel yana zaman bauta a Babila ya ga wahayi ɗaukakar Ubangiji ta tashi ta bar haikalin, ba a jima ba a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu Babiloniyawa suka ƙone shi. To ta bakin wannan annabin da ya ga tashin ɗaukakar ne fa Allah yayi alkawari a sura 36, zai cire zuciyar dutse ya bada ta nama, zai sa Ruhunsa a cikin mutanensa. A cikinsu, ba a kusa dasu ba.

Yesu ya ɗauko wannan maganar a daren da za a bashe shi. A Yohanna 14 ya gaya wa almajirai zai roƙi Uba ya basu wani Mai Taimako da zai kasance dasu har abada, yace yanzu yana tare dasu amma zai zama a cikinsu, har ya ƙara da cewa shi da Uba zasu zo suyi mazauni wurin mai ƙaunarsa. A sura 16 ma yace gara ya tafi don Mai Taimakon ya zo, magana mai wuyar haɗiya, wa zai yarda akwai abin da ya fi ganin Yesu ido da ido? Amma Yesu cikin jiki in yana Galili baya Urushalima, Ruhu kuwa yana cikin kowane mai bi a ko'ina lokaci guda. Ranar Fentikos abin ya cika, masu bi wajen 120 ne a lokacin, Bitrus ya tashi yayi wa'azi ya ja annabcin Yowel, aka ƙara mutum wajen 3,000 a ranar, kuma abin da ya gaya musu shine su tuba ayi musu baftisma zasu karɓi baiwar Ruhu Mai Tsarki, yace alkawarin nasu ne da 'ya'yansu da duk na nesa. Bai ware wasu na musamman ba.

Inda nafi so mu tsaya shine Koranti. Kowa ya karanta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa ya san ba ikilisiyar da za a yi alfahari da ita bace, ga tsattsaguwa wannan na Bulus wancan na Afolos, ga mai kwana da matar ubansa, ga masu kai juna kotu, ga masu buguwa a wurin Jibin Ubangiji, ga masu zuwa wurin karuwai suna cewa ai jiki ba komai bane. Da mu ne da tuni munce waɗannan ba Ruhu a cikinsu ko ɗigo. Amma Bulus bai ce musu ku gyara halinku don Ruhu ya samu wurin shigowa ba, cewa yayi ashe baku sani ba jikinku haikali ne na Ruhu Mai Tsarki wanda yake cikinku? Wato yana nan ciki, shi yasa abin da kuke yi ya zama abin ƙyama. Zaman Ruhu ne ya zo farko, tsarkin rayuwa ya biyo baya, mu kuma sai mu juya abin mu sa mutane suna ta wahalar share ɗaki don jiran wanda ya riga ya shigo. Kuma ku tuna ya rubuta wasiƙar nan wajen shekara ta 55, haikalin Urushalima na nan tsaye ana ta hadaya a ciki, sai a shekara ta 70 Romawa suka rushe shi, amma wannan Bayahude Bafarisiye ya dubi tsofaffin masu bautar gumaka yace ku ne haikalin. Kai, wannan ba ƙaramar magana bace.

A Romawa 8:9 Bulus ya yanke ta gaba ɗaya, duk wanda bashi da Ruhun Almasihu ba na Almasihu bane. Kenan babu wani rukuni na Kirista na gaske da suke zaune ba Ruhu suna jiran layi ya zo kansu. A Afisawa 1 yace an hatimce mu da Ruhun tun da muka ji bishara muka gaskata, kuma shine kamar kuɗin kafin alƙalami na gādon da za a bamu, wanda ya bada kafin alƙalami ai ya ɗaure kansa da cinikin.

Ikilisiyar farko ma a kan wannan gaɓar ta tsaya da rigima ta taso. Bayan taron shugabannin ikilisiya a Nikiya na shekara ta 325 wasu sun yarda Ɗa, wato Yesu, Allah ne amma suka ce Ruhu halitta ne, kamar wani babban mala'ika. Bishop Atanasiyus na Iskandariya da Bishop Basil na Kaisariya suka amsa musu da hujjar da har yau take ratsa ni, in Ruhu halitta ne ta yaya zamansa a cikinmu zai mai da mu haikalin Allah, ta yaya halitta zata tsarkake halitta 'yar'uwarta ta haɗa ta da Allah? Taron Konstantinoful na shekara ta 381 ya tabbatar cewa Ruhu Ubangiji ne mai ba da rai, ana yi masa sujada tare da Uba da Ɗa. Ba wani ƙarfi bane kamar wutar lantarki da ake kawowa a ɗauke, Allah ne da kansa, shi yasa ana iya yi masa ƙarya kamar yadda Hananiya yayi a Ayyukan Manzanni 5, ana iya ɓata masa rai kamar yadda Afisawa 4:30 ta gargaɗe mu.

Na sani ɗarikoki sun bambanta. Katolika da Otodoks suna haɗa karɓar Ruhu da baftisma da shafewar tabbatarwa, 'yan Fentikostal kuma tun farkawar titin Azusa a Los Angeles a 1906 ƙarƙashin William Seymour da yawansu suna koyar da baftismar Ruhu a matsayin abu na biyu bayan tuba, da harsuna a matsayin alama. Ni bana raina baye-bayen Ruhu ko kaɗan, kuma Afisawa 5:18 ta umarce mu mu cika da Ruhu, wannan cikar abin nema ce kullum, tana ƙaruwa tana raguwa gwargwadon yadda muka sakar masa ragama. Amma cika daban zama daban, kuma Bulus ɗin da yace ya fi Korantiyawa duka magana da harsuna shine ya tambaya a 1 Korantiyawa 12 ko duka ne ke magana da harsuna, amsar kuwa a'a ce, alhali a surar nan yace dukanmu Ruhu ɗaya aka shayar damu. Don haka fasto ko mai wa'azin da zai ce wa ɗan'uwa baka da Ruhu don bakinka bai buɗe da harsuna ba, ya ɗora masa kayan da Nassi bai ɗora ba.

In kana neman shaida duba inda Galatiyawa 5 ta nuna, ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u, kamun kai. Zunubin da da kake yi hankali kwance yanzu yana hana ka barci, wanda ka rantse bazaka taɓa yafe masa ba ka tsinci kanka kana masa addu'a, cikin tsananin wahala bakinka ya kira Allah Uba ba tare da wani ya koya maka ba, waɗannan ba daga halin mutuntaka suke fitowa ba. Wannan yaƙin da kake ji a ciki har kake zaton alamar an yashe ka ce, Bulus yace Ruhu ne da halin mutuntaka ke gāba da juna, wanda ba Ruhu a cikinsa ai ba wanda zai ja da son zuciyarsa.

Har ranar da addu'a ta gagara, ka durƙusa ka rasa ko kalma ɗaya, Romawa 8:26 tace bamu san yadda ya kamata muyi addu'a ba amma Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da baki bazai iya furtawa ba, kuma Allah mai binciken zukata ya san nufin Ruhun. Aya ta 11 a surar nan ta kai maganar har kabari, Ruhun wanda ya ta da Yesu daga matattu in yana zaune a cikinku, ta wurinsa ne Allah zai rayar da wannan jikin naku mai mutuwa, wannan dai da ke ciwo yake tsufa.